Lauje Ne Alƙali Tsakanin Tsirran Kiwo

Sanin kowa ne cewa babbar damuwar makiyayi a ƙasar Hausa ita ce abincin dabbobi da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, harawa kuma ta yi tsada. Wannan ne ya sa masana, a Shika kusa da Zariya da kuma yankin Kachiya a shekarun 1980, suka ƙarfafa wa Fulani gwiwa su killace fili su shuka tsirrai dangin wake, musamman wanda ake kira sitailo. Amma akwai wani al'amari da ba a cika jaddadawa ba, wato yadda yawan yanka ko jinkirinsa ke zaɓar irin da zai rayu a filin.

Alal misali, a ɗauki iri biyu na sitailo, Kuk da Berano. Kuk yakan yi tsawo, gindinsa ya yi itace, yawancin idanun tohonsa kuma suna sama. Berano kuwa gajere ne, yana rassa tun daga ƙasa, yana kuma zubar da iri mai yawa. Idan aka bar su ba yanka, sai dogon ya rufe gajeren da inuwa, ya hana shi hasken rana har ya ƙanjame. Idan kuwa lauje ya yawaita, aka kuma yi yankan ƙasa-ƙasa, sai reshe ya juye da mujiya. Kowane yanka yakan tilasta wa dogon ya ciro abincin da ya tara a saiwarsa don ya sake toho, kafin ya mayar an sake yanke shi. Sannu a hankali sai ya mutu, gajeren ya mamaye wurin.

Shi ma gajeren ba a ce ya tsira ba. Matuƙar aka ci gaba da yankansa a ƙarshen damina kafin ya zubar da iri, to baɗi sai dai a tarar da ciyawa zalla.

Wani zai ce ai duk wanda ya rage abinci ne. Wannan kuskure ne, domin hikimar gauraya iri ita ce idan cuta ta kama ɗaya, ɗayan ya tsaya. An ga haka lokacin da cutar ɗigon ganye ta yi wa Kuk ɓarna, Berano ya jure.

Saboda haka bai wadatar malaman gona su miƙa wa makiyayi iri su juya baya ba. Wajibi ne su bayyana masa lokacin yanka, da tsawon da zai bari a gindi, da lokacin da zai ɗaga wa filin ƙafa ya huta. In ba haka ba, zai sayi iri biyu da kuɗinsa, ya kashe ɗaya da hannunsa bai sani ba.