Rahab tana bakin hanyarmu



Duk ranar Juma'a karar shanu ta Wudil takan cika da 'yan tireda da direbobi, wasu daga Maigatari a kan iyakar Nijar, wasu kuma za su yi lodi zuwa kudu. Inda matafiya ke kwana da kuɗi a aljihu, nan ake samun mata masu zaman kansu. Mun san haka, amma a majami'a sai mu kame baki, kamar cutar ƙanjamau tasu ce su kaɗai.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da cutar. A cikin waɗannan mata adadin ya ninka haka sau da yawa. Dalilin a fili yake: macen da ba ta da kuɗin abincin gobe ba ta iya musu da namijin da ya ƙi sa kwaroron roba, tsoron kamu da tsangwama kuma na hana ta zuwa asibiti. Shi kuwa namijin yakan koma gida wurin matarsa, wani lokaci ma shi ke zaune kusa da mu ranar Lahadi.

Matsayinmu bai canja ba: fasikanci zunubi ne, kame kai kafin aure da aminci a cikinsa su ne nufin Allah. Amma a buɗe Joshuwa sura 2. Rahab karuwa ce, gidanta a jikin garun Yariko, Allah kuwa ya cece ta da iyalinta, har sunanta ya shiga asalin Yesu a Matiyu 1:5. In Ubangiji bai ji kunyar sunanta ba, mu su wa da za mu rufe wa irinta ƙofa?

Wani zai ce maganar gwaji da kariya tana ba zunubi lasisi. A'a. Wanda ya mutu ba ya tuba. Kiyaye ran mutum shi ne ba shi zarafin jin bishara.

To, me za mu yi? Mu fara da kanmu: kowa ya je Babban Asibitin Wudil ko asibiti mafi kusa a gwada shi. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure, amma kada mu jira sai an sa rana. Mu sani kuma, mu gaya wa wasu: maganin rage kaifin cutar kyauta ne a asibitocin gwamnati, mai shan sa kullum yakan rayu lafiya, mai ciki kuma tana iya haihuwar jariri ba cutar. Wadda aka yi wa fyaɗe ta hanzarta asibiti kafin awa 72, akwai maganin rigakafi. Cin abinci tare, musabaha ko cizon sauro ba sa yaɗa ta.

Sa'an nan mu haɗa kai da zumuntar mata, a koya wa mai son barin wannan rayuwa ɗinki ko wata sana'a, a ba ta ɗan jari. Wa'azi ba ya cika tukunya.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka cire mana zuciyar jifa, ka ba mu ta jinƙai. Cikin sunan Yesu, amin.