MU SAN DUNIYA: Asalin sunan Kohen

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wanga wata za mu duba wani suna na Yahudawa, watau Kohen.

A harshensu, kohen shi ne mai hidimar hadaya a babban ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus. Aikin na gado ne, daga uba sai ɗa. Sun ce kakansu Annabi Haruna ne, ɗan'uwan Annabi Musa. A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, Rumawa sunka rushe ɗakin. Aiki ya tsaya, suna ya bi zuri'a, kamar jikan liman da ake ce ma Liman ko bai taɓa jan salla ba.

Da, yawancin Yahudawan Turai ba su da sunan gida. Wane ɗan wane, shi ke nan, kamar mu. Hukuma ce ta tilasta musu: Ostiriya a 1787, Faransa a 1808. Kowace ƙasa da rubutunta: Cohen, Kahn, a Rasha kuma Kagan. Mun san wanga ciwo. Mahamadou, Mahamane, Mamane: mutum guda, takarda uku! In sunan takardar haihuwa ya saɓa da na lakkol, yaro ka shan wahala ran jarrabawa. Ku sa a karanta muku kafin ku bar ofis.

Sunan ya iso har Tumbutu, kusa da kogin nan da ya ratsa Yamai. Can da Larabci anka rubuta shi, Al-Kuhin. Fatake ne daga Maroko, zuri'arsu kuwa ta musulunta.