Kayan Amana A Kanti: In Sun Salwanta, Asarar Wa?

A Tsohuwar Maiduguri, cikin Ƙaramar Hukumar Jere, masu kanti da yawa ba su fita sarin biredi ko ruwan leda. Mai gidan biredi ne kan aiko yaronsa da sassafe, ya duba abin da ya ragu, ya cike gurbi, sa'an nan ya karɓi kuɗin wanda aka sayar jiya. Watau mai kawo kaya shi ke lura da abin da kanti ke bukata.

Wannan dabara ba ta ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ce. A Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1980, kantunan Walmart sun bar wa kamfanin Procter & Gamble aikin cika musu kunzugun jarirai na Pampers kafin ya ƙare. Amfaninta a fili yake. Mai ƙaramin jari ya sami abin sayarwa, kuma ya huta da kuɗin mota, musamman tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023.

To, amma akwai gyara. Ran 26 ga Fabrairu 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. Ran 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na Maiduguri. A irin wannan rana ce rigima kan tashi. Mai kaya ya ce tun da sun shiga kantinka naka ne, sai ka biya. Mai kanti ya ce amana aka ba shi, bai saya ba. Ba takarda, ba shaida, sai rantse-rantse. Daga ƙarshe wanda ya fi rauni shi ke kwana ciki.

Saboda haka ya kamata kowane ɓangare ya riƙe littafinsa: kwanan wata, yawan kaya, farashi, da sa hannu. Tun ranar farko a yanke magana gaban shaidu, wa zai ɗauki asara in wuta ko ruwa ya ci kayan, ko kuwa raba ta za a yi.

'Yan'uwa mazauna Agege da Sabon Badun, masu aika kuɗi gida a buɗe wa ƙanne kanti, ku tambaye su ko suna rubutawa. Masu tebur a Kudu su ma su duba nasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya kiyaye gaba, amin.