Sharhi: Abin da ke Rufe Rumfunan Epcot Idan Mai Ɗaukar Nauyi Ya Janye

A ranar 1 ga watan Oktoba na 1982 ne kamfanin Disney ya buɗe dandalin shaƙatawa na Epcot kusa da birnin Orlando, a Jihar Florida ta ƙasar Amurka. Aikin ya ci maƙudan kuɗi, don haka tun daga tushe sai Disney ya jawo manyan kamfanoni, kowanne ya ɗauki nauyin rumfa guda, kamar dai yadda ake yi a bikin baje koli. Exxon ya kama rumfar makamashi, General Motors ta motoci, Kodak kuwa ta hasashe da hotuna. Kamfani ya zuba kuɗi na tsawon shekaru, a kafa sunansa a bakin ƙofa, miliyoyin 'yan kallo su gani.

To, wannan tsari yana da wani lahani da bai fito fili ba sai da yarjejeniyoyin suka fara ƙarewa. Mai shiga Epcot tikiti ɗaya yake saya a ƙofa, watau babu rumfar da ke kawo kuɗin kanta. Amma kowacce tana cin wuta da albashin ma'aikata da gyaran injuna kullum. Muddin akwai mai ɗaukar nauyi, ba a damu ba. Ranar da ya tafi kuwa, sai masu lissafi su tambaya: mutum nawa ne wannan rumfa take sa su sayi tikiti?

Rumfar Horizons ita ce babban misali. An buɗe ta a 1983 da kuɗin General Electric, tana nuna yadda 'yan Adam za su zauna a ƙarƙashin teku da hamada da sararin samaniya a ƙarni na 21. Kamfanin ya janye a 1993, aka rufe ta a ƙarshen 1994. A watan Disamba na 1995 aka sake buɗe ta, ba don an sami sabon mai kuɗi ba, sai don ana shirin rufe maƙwabtanta biyu domin gyara, kada baƙi su rasa abin shiga. A Janairun 1999 aka rufe ta ɗungum, aka rushe ginin. Abin da aka gina a gurbinta, Mission: Space, ya buɗe a 2003 da sunan Hewlett-Packard a ƙofa.

A nan ne matsala ta biyu take. Rumfar da sana'arta nuna abin da zai zo gobe tana saurin tsufa, sabunta ta kuma sai kuɗi masu yawa, waɗanda a da kamfanin ne ke taimakawa da su. Haka ta faru ga Wonders of Life mai bayanin lafiyar jiki: kamfanin inshora na MetLife ya bar ta a 2001, daga 2004 sai lokacin cunkoso kawai ake buɗe ta, a farkon 2007 aka kulle.

Sai dai ba kowace ce ke mutuwa nan take ba. Rumfar makamashi ta yi shekara 13 bayan tafiyar ExxonMobil a 2004 kafin a rufe ta a 2017, kuma wadda Kodak ya bari a 2010 ta ci gaba da aiki. Abin lura shi ne abin da Disney yake sakawa a gurbin. Rumfar teku da United Technologies ya bari a 1998 an mayar da ita gidan Nemo, kifin nan na fim ɗin yara, a wurin ta makamashi kuwa a 2022 aka buɗe jirgin wasa na jaruman fim ɗin Guardians of the Galaxy. Waɗannan taurari mallakar Disney ne, ba su da yarjejeniyar da za ta ƙare, ga kuma riguna da 'yan tsanansu da ake sayarwa a shagunan dandalin.