Daga Allon Malam: Gizo Ya Kwanta Rigingine, Kada A Yi Saurin Binne Shi

A wannan wata filin namu zai leƙa wani kiwo ne da bai shigo zangonmu ba tukuna, amma 'ya'yanmu da ke ƙasashen Turai sun fara cin karo da shi, wato kiwon babban gizo-gizon nan mai gashi da ake kira tarantula.

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina da ke zaune a Jamus ya bugo mini waya hankali tashe. Ya ce, "Malam, ɗanka ya tara kuɗinsa ya sayi ɗan gizo, ga shi mako biyu ya ƙi cin abinci, cikinsa ya yi baƙi, yau kuma mun tashi mun tarar da shi rigingine, ƙafafu sama. Yaro sai kuka yake yi, ni kuwa ina shirin jefar da gawar." Na ce masa ya dakata, kada ya ko taɓa akwatin. Washegari sai ga hoto: gizo biyu a wuri ɗaya, ɗaya rayayye, ɗaya kuwa fanko. Ashe saɓa ya yi.

Dalili kuwa shi ne, gizo ba shi da ƙashi a ciki irin namu, fatarsa mai tauri ita ce ƙashinsa, kuma ba ta miƙewa. Saboda haka ba shi da hanyar girma sai ya tuɓe ta, kamar yadda maciji ke yi. Ƙarami yakan yi saɓa kusan kowane wata ko wata biyu, babba kuwa kamar sau ɗaya a shekara. In ma ƙafa ta guntule masa, a wajen saɓar ne wata ke tsirowa.

Alamun gabatowar saɓa ba ɓoyayyu ba ne. Zai daina cin abinci, ya yi nauyin jiki, cikinsa ya cika ya yi baƙi yana sheƙi, domin kuwa sabuwar fatar ce ake hangowa ta ƙarƙashin tsohuwa. Wani yakan toshe bakin raminsa da yana, wani kuma ya saƙa 'yar shimfiɗa ya kwanta a kanta rigingine. Wanda ke bakin mutuwa kuwa yawanci a kife yake, ya naɗe ƙafafunsa ƙarƙashin jikinsa. Wannan bambanci shi ne abu na farko da ya kamata mai kiwo ya riƙe.

Akwai kuma zane-zanen da halitta ce kawai. Ƙananan irin na nahiyar Amurka sukan fito da baƙin tabo a bayan ciki, wanda tarin gashi ne mai ƙaiƙayi da suke karkaɗo wa abokin gaba da ƙafafun baya. In sun karkaɗe shi da yawa wurin yakan yi sanƙo, sai an yi saɓa ya dawo. A ƙarƙashin ciki kuma akwai tabo huɗu masu haske, su ne huhunsa. Launi ma yakan sauya: irin na tsibirin Martinik, Caribena versicolor, shuɗi ne yana ƙarami, in ya girma sai ya koma ja da kore.

To, me ya wajaba a kan mai kiwo? Ya fitar da duk wani gyare ko kyankyaso mai rai daga akwatin, domin abincin da aka sa masa zai iya komawa ya cinye shi sa'ad da jikinsa ke da laushi. Ya bar ruwa a ɗan murfi. Kada ya juya shi, kada ya zungure shi, kada ya ce zai taya shi cire fatar. Bayan an gama ma, haƙoransa farare ne masu taushi, sai sun koma baƙi sannan a ba shi abinci, wato kamar mako ɗaya ga ƙarami, mako biyu ga babba.

Kada mu ɗauka abin na nesa ne ƙwarai. Cikin nau'i fiye da 1,000 da aka sani, akwai namu na Afirka ta Yamma da Turawa ke saye, kamar Heteroscodra maculata da ake samu a Togo da Gana, wanda masanin Ingila Pocock ya bayyana a 1899, da Hysterocrates gigas na Kamaru. Sai dai na Afirka ba su da gashin ƙaiƙayi, cizo suke yi, dafinsu kuma da zafi, don haka ba kiwon yara ba ne, kuma ban yarda ɗalibaina su je tonon ramukansu ba.

Tsohon ɗalibin nawa ya ce saura ƙiris ya zuba kuɗin ɗansa da farin cikinsa a kwandon shara. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa. Mu malamai da iyaye ma mukan ga yaro ya yi shiru, ya janye jiki, mu yanke masa hukuncin lalacewa, alhali kuwa wani lokaci girma ne ke tafe. A sa ido, a tambaya, kafin a yanke hukunci.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.