Yaran da aka yi wa fiɗar zuciya sun girma: wa ke duba su yanzu?

Yau sharhinmu ya shafi wasu marasa lafiya da ba a cika jin maganarsu ba: manyan mutane da aka haifa da matsalar zuciya. Likitoci sun ce kusan jariri ɗaya cikin ɗari yana zuwa duniya da irin wannan matsala. Wani huji ne a bangon da ya raba ɗakunan zuciya, wani ƙofar da jini ke bi ce ta matse, wani kuma jijiyoyin ne suka haɗu ba daidai ba.

A ƙauyukanmu mun san irin yaran nan. Jariri ya kama nono sai ya saki yana haki, gumi na zuba. Yaro ya ɗan yi gudu sai ya tsuguna, leɓɓansa da farcensa sun yi duhu. Sau da yawa a ce asma ce, ko a ce iska ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi da rubutu har lokaci ya ƙure.

A 1944 ne, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ta Amurka, Alfred Blalock da Helen Taussig da Vivien Thomas suka fara fiɗar da ta ceci irin waɗannan yara. Daga nan aikin ya yi ta ci gaba. Yau a ƙasashe masu hali, sama da tara cikin goma na yaran suna kai girma, har manya masu wannan lalura sun fi yaran yawa.

Sai dai nasarar ta zo da nata nauyi, kuma wata likitar zuciya a Landan, Jane Somerville, tana cikin waɗanda suka fara hango shi. Ta lura yaran da aka yi wa fiɗa suna girma, su wuce ɗakin yara, a tura su wurin likitocin manya waɗanda suka saba da hawan jini da ciwon zuciyar tsofaffi, ba su taɓa ganin zuciyar da aka ɗinke tun tana ƙarama ba. A 1975 ta buɗe ɗaki na musamman domin matasan nan a babban asibitin zuciya na Landan. Ta shafe shekarun aikinta tana horar da likitoci, tana matsa wa hukumomi su gane cewa wannan fanni ne mai zaman kansa. Ƙungiyar majiyyatan ta Ingila sunanta take ɗauke da shi a yau.

Darasinta gajere ne: fiɗa gyara ce, kuma abin da aka gyara yana son a riƙa leƙa shi har iyakar rai. Ƙofar da aka buɗe tana iya fara yoyo bayan shekaru. Tabon ɗinki yana iya rikita bugun zuciya. Ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori tana iya bin jini ta zauna a zuciyar.

Ina wannan ya shafe mu? Shekaru da dama ke nan ƙungiyoyi irin su Mécénat Chirurgie Cardiaque da La Chaîne de l'Espoir suna kai yaran Afirka ta Yamma Faransa a yi musu aiki. An kuma buɗe cibiyoyin fiɗar zuciyar yara a Dakar da Bamako. Yaro ya dawo da tabo a ƙirji, ya yi ƙiba, a yi sadaka, a ce Alhamdu lillahi ya warke. Takardun da ya zo da su, da Faransanci suke, a jefa su ƙasan adaka, gara ta cinye. Waɗanda aka kai shekaru ashirin da suka wuce, yanzu su ne masu noma, masu kabu-kabu, matan aure.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen mata. Idan mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi, kuma zuciya ce ke tura shi. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa gyara suna haihuwa lafiya in ana bin su. Amma akwai waɗanda jini ya riga ya hau a jijiyoyin huhunsu, ciki gare su kasada ce da rai. Mai ƙofar ƙarfe a zuciya kuma tana shan maganin tsinka jini irin su Sintrom, wanda yake iya cutar da ɗan tayi, barinsa kuma yana iya sa jini ya daskare a ƙofar. Likita ne kaɗai zai iya tsara mata yadda za ta yi, kuma kafin ciki ya shiga ya kamata a gan shi. A nan iyaye ke ɓoye wa dangin miji labarin fiɗar don kada a fasa aure. Mun fahimci tsoron, amma ɓoyon yana iya cin ran ƴarsu.

Likitocin zuciya da na'urar eko a manyan birane suke, Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma kuɗin mota kaɗai yana hana mutumin ƙauye zuwa. Shi ya sa muke ganin ya dace duk mai tura yaro waje ya tsara wanda zai ci gaba da duba shi bayan ya dawo, ma'aikatan likitocin karkara kuma su riƙa tambayar duk mai tabo a ƙirji tarihinsa, musamman a wurin awon ciki.

Ƴan uwa da ke Kano, Akara, Abijan ko Aljeriya, ku da kuke haɗa kuɗi lokacin fiɗa, ku sa kuɗin zuwa ganin likita cikin lissafinku na shekara. Ku ce a ɗauki hoton takardun da karne da salula a aiko muku, ku adana. Mai tabon kuma, in ya ga kumburin ƙafa, haki, faɗuwar gaba, suma ko zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, kada ya jira ranar kasuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.