Idan ruwa ya shiga inda ake ajiye guba, wa zai gaya mana?

Ƴan uwa, duk damina lissafi guda muke yi: gida nawa ya faɗi, mutum nawa ya rasu, buhun hatsi nawa aka raba. A 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasarmu, ta rusa tsohon masallacin Damagaram, har buɗe lakkal sai da aka ɗaga. Amma akwai tambayar da ban ji kowa ya yi ba: ruwan nan da ya ratsa unguwanninmu, me ya kwaso a hanya?

A unguwarmu ruwa ya shiga wani shago da ake jibge taki da maganin ƙwari. Kwana biyu wari na tashi, yara kuma suna wasa cikin kududdufin da ke ƙofarsa. Wallahi babu wanda ya zo ya duba. Shago guda kenan fa.

Ku dubi abin da ya faru a Amurka a watan Agusta 2017, lokacin guguwar Harvey. A garin Crosby na jihar Texas, masana'antar Arkema tana ajiye wani sinadari da ke kamawa da wuta da kansa muddin ya yi zafi, don haka kullum cikin sanyi yake. Ruwa ya kashe lantarki, ya cinye injinan ko-ta-kwana, sanyi ya ƙare, wuta ta tashi. Sai da aka kwashe mutanen da ke zaune cikin tazarar kilomita biyu da ɗoriya. Abin haushi, tun kafin nan taswirar hukuma ta nuna wurin yana cikin yankin ambaliya. Su da ke da kuɗi da kayan aiki kenan.

Mu fa? Muna da matatar SORAZ kusa da Damagaram tun 2011, da rumbunan man SONIDEP, da majemu, da tulin dattin uraniyom a Arlit. Ban ce ɗayansu ya yi sakaci ba. Cewa nike, ɗan ƙasa yana da haƙƙin sanin ko an auna iyakar inda ruwa zai iya kaiwa a kowane wuri, ko injin ko-ta-kwana yana bisa tudu ko cikin kwari, da kuma ina ruwan zai malala in ya fito: gona, rijiya ko kogin Kwara.

Wani zai ce wannan sirrin tsaro ne. To, ba zanen cikin masana'anta muka nema ba. Hanyar gudu muka nema, da lambar da za a kira, da likitar da ta san abin yi in an kawo wanda ya shaƙi hayaƙi.

Kafin watan Yuni, kowa ya je ma'aikatar magajin garinsa ya tambaya a rubuce: ina da ina ake ajiye sinadarai cikin garin nan, wa ya duba su, yaushe? In sun amsa, ku turo mana. In sun ƙi, shi ma ku turo, da ranar da kuka ajiye takardar.